Mudun Mai Haɗa Waƙa: Yadda Ake Girka Sifika A Ƙaramin Situdiyo

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a tsakanin samarin da suka ɗauki haɗa waƙa sana'a a cikin ɗakunan gidajensu, tun daga Kano har zuwa Yerwa. A ɗauki misalin saurayi a Tsohuwar Maiduguri, cikin Ƙaramar Hukumar Jere ta Jihar Barno, wanda aka ba shi aikin waƙar biki. Ya kwana uku yana fama, ya ɗauki muryar mawaƙi, ya ɗora ganga da algaita, ya saurara a ɗakinsa ya ji kome ya zauna daram. Daren wushe-wushe ya zo, dangin ango da na amarya sun hallara, aka sa waƙar a manyan lasifikoki, sai ga ganga ta danne kome, muryar mawaƙin ta nutse, har sunan amaryar da aka biya kuɗi domin a ambata ba a jinsa sosai. Kashegari wanda ya ba da aikin ya zo neman kuɗinsa, shi kuwa saurayin ya ɗora wa sifikokinsa laifi, ya shiga tunanin cin bashi domin ya sayo waɗanda suka fi su tsada.

Alhali kuwa sau da yawa sifikokin ba su da laifin kome. Laifin yana ga wurin da aka ajiye su, da wurin da mai aikin ya zauna, da kuma ɗakin kansa. Gyaran waɗannan abubuwa kuwa, mafi yawansa ba ya cin abin da ya wuce igiya da madubi da haƙuri.

MECE CE MONITA?

Sifikar da ake aiki da ita a situdiyo, wadda masu sana'ar ke kira monita, ta sha bamban da ta falo ko ta gidan biki. Ita ta falo an ƙera ta ne domin ta daɗaɗa wa kunne, ta ƙara wa ganga kauri, ta rufe aibin waƙa. Ita kuwa monita aikinta shi ne ta fito da sauti yadda aka ɗauke shi, ba ragi ba ƙari, domin mai haɗawa ya ji aibin ya gyara tun waƙar ba ta bar hannunsa ba. Watau dai ita ce mudunsa.

Mutanen Tsohuwar Maiduguri kuwa ba sa bukatar a gaya musu darajar mudu, domin garinsu ƙauyen kasuwa ne tun kafin Shehu Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa cikin 1907. Kowane ɗan kasuwa ya san idan gindin mudu ya lotsa, to, duk awon da aka yi da shi ya ɓaci, ko da mai awon mutumin kirki ne. Haka nan idan ɗaki ya lotsa abin da monita ke faɗa, duk hukuncin da mai haɗa waƙa ya yanke a kan ganga da murya zai fita a karkace, shi kuma bai sani ba.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ƙirar Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa a Kano, sa'an nan kwamfuta ta biyo baya, kafa situdiyo ya daina zama aikin manyan kamfanoni da gidajen rediyo kaɗai. Sai dai gidajen rediyo suna da injiniyoyin da suka tsara ɗakunansu tun daga harsashi. Saurayin da ya sayi kwamfuta da makirufo, ɗakin kwana ya gada.

YADDA ƊAKI KE YIN ƘARYA

Sauti kaɗawar iska ne, kuma ana ƙirga shi da yawan kaɗawar da yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da masana ke kira Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga 20 zuwa 20,000. Babbar ganga irin ganga kura ta Barno tana can ƙasa wajen sauti mai kauri, algaita kuwa tana sama wajen siririn sauti. A cikin iska mai matsakaicin zafi sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, watau kimanin ƙafa 1,125. Kamar yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango, haka sauti ma yake da zango: siririn sauti zangonsa 'yan inci ne, amma mai kauri da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa zangonsa ya haura ƙafa 22, ya fi ɗakin da aka sako shi a ciki tsawo.

A nan ne matsala ke farawa. Idan sautin ya bugi bangon bulo da siminti sai ya dawo, ya ci karo da wanda ke tahowa. A wani wuri cikin ɗakin su haɗu su ninka ƙarfi, a wani wurin kuma su kashe juna. Akwai lissafi mai sauƙi na gano sautin da ɗaki zai yi wa haka: a raba 1,125 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗakin nan da magina suka fi yi, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, yana ba da 47, sa'an nan 94, sa'an nan 141. Da yake tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, cutar takan zo riɓi biyu a kan sauti guda. Saboda haka wanda ke da zaɓi tsakanin ɗakuna biyu, gara ya ɗauki wanda tsawonsa ya fi faɗinsa.

Mai karatu na iya gwada wannan da kansa. Ya sa waƙa mai ganga, ya tsaya a kusurwar ɗaki, zai ji kaurin ya cika masa kunne. Ya dawo tsakiyar ɗakin cif, zai ji kamar an zare gindin gangar. To, wannan shi ne abin da ya sami saurayin da aka buɗe zancen da shi. Kujerarsa tana tsakiyar ɗaki, inda kaurin ke mutuwa, shi kuma ya yi ta ƙara wa ganga ƙarfi har sai da ya ji ta. Da aka fita da waƙar filin biki, inda babu bangon da zai cinye kaurin, sai duk abin da ya ƙara ya fito fili.

WURIN ZAMA

Abu na farko ke nan da za a daidaita, tun kafin a taɓa sifika. Mai aiki ya fuskanci gajeren bango, domin sautin ya sami doguwar hanya a bayansa. Ya zauna daidai tsakanin bangon hagu da na dama, tazarar ta zo ɗaya, amma ya guji tsakiyar ɗakin ta wajen tsawo, ya kuma guji jingina da bangon baya. Wani mai tsara situdiyo a Amurka, Wes Lachot, shi ya yaɗa shawarar a fara gwada zama a kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin, in an auno daga bangon gaba. A ɗaki mai ƙafa 12 wannan ya kama ƙafa 4 da rabi, a mai ƙafa 14 kuwa ƙafa 5 da inci 4. Wannan mafari ne kawai. Daga nan sai a riƙa matsawa gaba ko baya kaɗan-kaɗan ana saurare, har a sami inda kowane bugun ganga ke fita da nauyi iri ɗaya.

DUWATSUN MURHU UKU

Dalilin da ya sa sifikokin suke biyu ya samo asali ne daga wani injiniya Baturen Ingila mai suna Alan Blumlein, na kamfanin EMI. Ya je kallon sinima ya lura ɗan wasa yana gefe guda na majigi, muryarsa kuwa tana fitowa daga wani gefen. A watan Disamba na 1931 ya yi rajistar dabarar raba sauti hagu da dama, wadda ake kira sitiriyo. Dabarar tana aiki ne kawai idan sautin sifikokin biyu ya iso kunne a lokaci ɗaya da ƙarfi ɗaya. Bambancin ƙafa ɗaya tak a tazara yana jawo jinkirin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wannan kuwa ya isa ya janye muryar mawaƙi gaba ɗaya zuwa sifikar da ta fi kusa.

Saboda haka ake girka sifikokin biyu da kan mai saurare kamar duwatsun murhu uku, tazarar kowane da ɗan'uwansa ɗaya. Ƙa'idar da injiniyoyin duniya suka amince da ita ke nan, watau kowace sifika ta karkata digiri 30 daga tsakiyar fuskar mai saurare. A ƙaramin ɗaki tazarar ƙafa 3 zuwa 5 ta wadatar. Ba a bukatar na'ura: a yanki igiya mai tsawon ƙafa 4, a auna daga sifika zuwa sifika, sa'an nan daga kowace zuwa inda kai zai kasance, a juya fuskokinsu su dubi kunnuwa, a kuma yi alama da alli a ƙasa domin ranar da aka share ɗaki kome ya koma mazauninsa.

Yawancin monitoci suna da baki biyu, babba na kauri da ƙarami na siririn sauti. Ƙaramin shi ne zai zo daidai tsayin kunne idan mutum yana zaune, domin siririn sauti kamar hasken tocila yake, inda aka haska nan yake zuwa. A tsayar da sifika a tsaye yadda maƙeranta suka nufa. Kada kuma a ɗora ta kai tsaye a kan teburin katako, domin tebur yakan ɗauki kaɗawar ya yi nasa kiɗan. Wanda ba shi da kuɗin sayen ƙafafun ƙarfe na iya jera bulo a bayan tebur, ya shimfiɗa roba mai kauri a sama, ya ɗora.

Sai batun bangon da ke bayan sifika. Sauti mai kauri yana fita ta kowane gefe, har ta baya, ya bugi bangon ya dawo. Idan fuskar sifikar tana nesa da bangon da ƙafa 3, abin da ya dawo zai kashe sautin da ke wajen 94, inda nauyin ganga yake. Shi ya sa a ƙaramin ɗaki ya fi kyau a matsar da ita kusa da bango, a bar 'yan inci kaɗan domin iska da zafi su fita. Kusantar bango yana ƙara kauri, amma yawancin monitoci suna da ɗan maɓalli a baya na rage shi. Kusurwa kuwa a nisance ta, domin ƙarin da take yi ya ninka na bango.

MADUBI DA KATIFA

Ilmin gyaran sautin ɗaki da matasan kujera aka fara shi. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca inda kalma ke yawo fiye da daƙiƙa 5 kafin ta mutu, har ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da dare, yana jerawa, yana auna amsa-kuwwa da agogo, har ya fitar da lissafin da ake aiki da shi har gobe. Ɗakin haɗa waƙa ana son amsa-kuwwarsa ta mutu cikin abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Tafi ɗaya a tsakiyar ɗaki mai tayil da bangon siminti zai nuna wa mutum nisan da ke tsakaninsa da wannan.

Ba dukan bango ne ke bukatar rufi ba. Mai aiki ya zauna a kujerarsa, abokinsa ya riƙa jan madubi a jikin bangon hagu, daidai tsayin kunne. Duk inda mai zaman ya hango sifika a cikin madubin, nan ne sauti ke dira ya zabura zuwa kunnensa, nan ne kuma za a rufe. A yi haka a bangon dama, a kuma tuna da silin da ke saman tebur, da ƙasa inda darduma mai kauri za ta taimaka.

Abin rufin kuwa kaurinsa ne ke aiki. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bangon situdiyo da yawa ado ne kawai, ga shi kuma makamashin gobara. Siririn soso yana shanye siririn sauti ya bar mai kauri yana yawo, sai ɗakin ya koma kamar cikin randa. Abin da ya fi shi ne audugar gilashi ko ta dutse, irin wadda ake sa wa gini domin tare zafi, mai kaurin inci 4, a cikin firam na katako, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Wanda bai samu ba, tsohuwar katifar auduga da barguna da aka ninka sun fi babu. A kusurwoyi, inda kauri ke taruwa, a cika su da abu mafi kauri da aka samu, daga ƙasa har sama.

AWON ƘARFIN SAUTI

Bayan an girka, saura a daidaita ƙarfi. A 1933 wasu masu bincike biyu na kamfanin tarho na Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin sautuka daidai wa daida. Idan an rage ƙara, kauri ne ke fara ɓacewa. Idan an ƙure, sai ya cika. Ma'ana, wanda ya haɗa waƙa yau da ƙara a ƙure, gobe kuma a rage, da mudu biyu ya yi awo.

Maganin shi ne a tsayar da matsayi guda. Yawancin manhajojin haɗa waƙa suna da wata ƙarar gwaji mai kama da saukar ruwan sama a kan kwano, wadda ta ƙunshi dukan sautuka. A sako ta a desibel 20 ƙasa da ƙololuwar ma'aunin kwamfuta, a kashe sifikar dama, a riƙe na'urar awon ƙara a inda kai ke kasancewa, a sa ta a kan harafin C da awo na sannu-sannu, a murɗa maɓallin sifikar hagu har a sami adadin da ake so. Sa'an nan a kashe ta hagu a yi wa ta dama haka. Manyan zaurukan haɗa sautin sinima suna tsayawa a desibel 85, amma wannan ya yi wa ɗakin kwana yawa, 75 zuwa 79 shi ne daidai. Manhajar awon ƙara ta wayar hannu ba ta cika gaskiya ba wajen adadi, amma ta isa ta nuna ko hagu da dama sun zo ɗaya. A ƙarshe a yi alama a kan maɓallin ƙara, kullum a nan za a fara aiki. Mai son zurfafawa akwai manhajar kyauta mai suna Room EQ Wizard, wadda ke zana masa hoton abin da ɗakinsa ke yi wa kowane sauti, muddin ya sami makirufon awo.

Akwai kuma lafiyar kunne, wanda shi ne jarin mai wannan sana'a. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙayyade awa 8 a rana ga mai zama cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, minti 15 kacal a 100. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Kunnen da ke yin ƙugi bayan an tashi daga aiki gargaɗi yake yi.

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Mai situdiyo a Maiduguri yana da wasu abokan gaba da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. A watan Janairu na 2021 mahara suka rusa turakun babban layin lantarki da ke tahowa daga Damaturu, birnin ya shafe watanni da yawa a cikin duhu, kuma sai a watan Maris na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50. Shekarun nan sun koya wa masu sana'a dogaro da janareta da sola. To, wutar Nijeriya tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, ƙaramin janareta ma haka, ga shi kuwa an ga ɗaki mai ƙafa 12 yana kumbura abin da ke wajen 47. A zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, sauti yakan ƙara sauri zuwa kimanin mita 355 a daƙiƙa, adadin ya matso kusa da 49. Watau ɗakin da kansa yana taya gurnanin wuta da na janareta. Saboda haka a nisanta janareta da bangon situdiyo, a ɗora shi a kan tsohuwar taya, a haɗa dukan kayan aiki a soket guda mai wayar ƙasa, a raba hanyar wayoyin sauti da ta wayoyin wuta. Wanda ke da batir da sola, ya ajiye aikin saurare na ƙarshe sai lokacin da aka kashe inji da fanka.

Ƙurar hunturu kuma a tare ta da yadi idan an tashi aiki. Waɗanda ke sake gini bayan ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024, wadda ta shafe sassa da yawa na Maiduguri da Jere, suna da damar da wasu ba su samu ba. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane: in za a ware ɗaki domin wannan sana'a, a gaya wa magini kada tsawo da faɗi da tsayi su zo ɗaya, kada kuma ɗaya ya zama ninkin wani.

GWAJI NA ƘARSHE

Duk wanda ya gama wannan aiki, ya zauna ya saurari waƙoƙin da ya sani sarai, waɗanda ƙwararru suka haɗa, na tsawon kwanaki, har kunnensa ya san halin ɗakin. Idan an daidaita kome, muryar mawaƙi za ta tsaya a tsakiya cak, kamar akwai sifika ta uku a gaban goshi. Idan muryar ta warwatse, kauri kuma ya tsere, a duba wayoyi, wataƙila an juya ja da baƙi a ɗaya daga cikin sifikokin.

Sa'an nan ya tuna inda waƙarsa za ta. Tun da aka hana hawa babura a Maiduguri a 2011, Keke Napep ta zama abin hawan jama'a, kuma 'yar sifikar da ke cikinta tana cikin manyan masu yaɗa waƙa a garin. Ga wayar hannu, wadda kusan ba ta fitar da kauri ko kaɗan. Ga ƙaramar rediyo mai baki ɗaya da ake kama BRTV ko Dandal Kura da ita, inda hagu da dama ke haɗewa wuri guda. Manyan masu sana'ar ma ba su raina wannan ba. Injiniya Bruce Swedien, wanda ya haɗa faifan Thriller na Michael Jackson a 1982, yakan gwada aikinsa a wasu 'yan ƙananan sifikoki masu suna Auratone, domin ya ji abin da mai ƙaramar rediyo zai ji. Waƙar da ta tsaya da ƙafarta a monita, a waya, a keke da kuma lasifikar biki, ita ce ta gamu.

Abin da ke cikin ɗakunan nan ya wuce kuɗin biki ɗaya. A cikinsu ake ɗaukar waƙoƙin Kanuri da na Shuwa da na Hausa, da wasannin kwaikwayo na rediyo, da sanarwar rigakafi, da muryoyin tsofaffin makaɗa waɗanda ba lalle a sake samun damar ɗaukarsu ba. Abin da aka ɗauka a karkace haka jikoki za su gaje shi. Shi kuwa saurayin Tsohuwar Maiduguri, kafin ya je cin bashi, ya fara jawo kujerarsa daga tsakiyar ɗaki, ya nemo igiya mai ƙafa 4, ya ari madubi a cikin gida, ya sake sauraron waƙar bikin nan. Zai ji gangar da mutane suka ji a daren wushe-wushe, ya kuma san inda zai rage.